Ina Kundin Goge? Abin da Ingila Ta Rubuta da Abin da Ƙasar Hausa Ta Haddace

Duk wanda ya yi wayo a karkarar arewacin Kano kafin janareto da manyan lasifikoki su mamaye bukukuwa ya san kaka ba da hatsi kaɗai take zuwa ba. Da an yanke gero, an girbe dawa, an kai dammuna rumbu, sai aure ya kankama, kalankuwa ta tashi, makaɗa su shiga zagaya garuruwa. A ƙasar Bagwai, inda ƙauyuka suke dab da juna har gonar wannan gari tana haɗa iyaka da ta wancan, daga Kiyawa zuwa Gogori, daga Romo zuwa Rimin Dako, kiɗan da aka tayar a dandali ɗaya yakan kai kunnen maƙwabta cikin dare. Ganga da kalangu sun fi ƙara, amma akwai abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak da muryarsa take ratsa su duka. Shi ne goge.

Yau an sami sauyi. Noman rani a bakin madatsar ruwa ta Watari ya sa manomi ba ya samun dogon hutun da kakanninsa suka saba da shi, bikin aure kuma ya koma hannun mai dije da kwamfutarsa. Masu goge sun ragu, yaran da suke bin su don koyo sun fi raguwa. To, take-taken da aka yi shekaru aru-aru ana kaɗawa, ina aka ajiye su? Ƙasar da take da ɗakunan karatu cike da rubuce-rubucen hannu, me ya sa ba ta da kundin goge ko ɗaya? Amsar takan fi fitowa fili idan aka dubi wata ƙasa mai nisa wadda ita ma take da nata gogen ƙauye, amma ta bi wata hanya daban wajen adana shi.

Ƙwarya, fatar guza da wutsiyar doki

Kusan duk abin da ake haɗa goge da shi ana samunsa tsakanin gona da bakin rafi. Ana zaɓen ƙwarya mai kauri, wadda dumanta ya ƙosa sosai kafin a fafe shi. A rufe bakinta da fatar guza ko ta damo, a ɗame ta, a kafe da ƙananan ƙusoshi, sannan a yanke 'yar kafa a gefe ɗaya don amo ya sami mafita. Sai a soka sanda ta ratsa ƙwaryar, ita ce mariƙi. Tsirkiyar kuwa tsagiya ce, wato gashin wutsiyar doki, silli da yawa a haɗe ba tare da an tufka su ba. Tana hawa kan wani ɗan itace da yake zaune bisa fatar, wanda makaɗa suke kira jaki. Abin gogawar ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne ko itace, shi ma da tsagiya aka ɗaure shi.

Kafin mai goge ya fara aiki, sai ya shafa ƙaro a tsagiyar sama da ta ƙasa, domin in babu ƙaro gashi zai yi ta zamewa kan gashi ba tare da amo ba. Idan damina ce fata ta sha sanyi ta saki, ya kara ta kusa da wuta ko ya shanya ta a rana har ta koma daidai. Ya ɗan matsa jaki gaba ko baya, ya goga sau biyu, ya gwada da muryarsa. Babu wani ma'auni guda da ya tsayar wa kowa inda sauti zai zauna. Kowane makaɗi da maƙogwaronsa yake daidaita gogensa.

Yatsun hannun hagu ba sa danne tsirkiyar har ta taɓa sanda. Taɓa ta kawai suke yi daga gefe, su zame sama ko ƙasa, shi ya sa sautin yake lanƙwasa, ya yi shessheƙa, ya ja dogon numfashi irin na mai magana. A bayan makaɗin kuma ga masu ƙwarya sun kifa manyan ƙore a ƙasa suna bugu da 'yan sanduna, suna yi masa amshi. Kukuma ƙanwar goge ce: ƙarama, mai siririyar murya, ta fi dacewa da mawaƙin da yake son kalmominsa su fita sarai.

Wannan kayan kiɗa yana da dangi ko'ina a yankin. Zabarmawa suna da nasu, Fulani suna da nasu, Buzaye suna da imzad wanda mata ne suke kaɗa shi. Yarabawa sun karɓe shi da sunan goje, Yusuf Olatunji ya yi fice da shi a kiɗan sakara. A ƙasar Dagomba ta arewacin Ghana kuwa goge kayan fada ne, masu kaɗa shi suna da matsayi a gaban sarki. A ƙasar Hausa bai sami wannan gata ba. Kirarin da aka yi masa shi ne "goge kan bidi'a", saboda an fi jin sa a wajen bori, da gidajen magajiya, da dandalin rawar samari.

Yadda Ingila ta adana nata

Gogen Turawa yana da tsirkiya huɗu, jikinsa na katako ne, ana maƙale shi tsakanin kafaɗa da haɓa. Mun fi ganinsa a hannun masu baƙaƙen kwat a manyan zauruka, amma shekaru ɗaruruwa ya yi a hannun talakawan ƙauye: masaƙa, manoma, masu injin niƙa, masu kiɗa a bikin aure da ranar kasuwa. Cikin kaɗe-kaɗen da suka fi so akwai wanda suke kira honfaif, kiɗan wata rawa da ƙafa ce take yin aikin, sau da yawa mutum ɗaya ne a fili yana buga ƙasa da sauri. A yankin Lankasha da takalman katako ake yin ta, ma'aikatan jiragen ruwa kuma sun yi suna da ita.

Honfaif iri biyu ne. Na dauri bugu uku-uku yake tafiya, kuma ya yi ƙarfi a arewacin Ingila a ƙarni na 17 da farkon na 18. Manyan masu tsara kiɗa ma sun ɗebo daga gare shi, irin su Henry Purcell, da Handel wanda ya saka shi cikin kiɗan da ya shirya wa Sarki George na ɗaya a kan kogin Landan a 1717. Daga tsakiyar ƙarni na 18 sai sabon salo mai bugu huɗu-huɗu ya danne shi, har aka wayi gari kusan babu mai kaɗa na daurin.

Abin da ya hana shi ɓacewa takarda ce. Turawa suna da hanyar rubuta sauti: layuka biyar a kwance, a jera ɗigo-ɗigo a kansu. Inda ɗigo ya zauna yana nuna tashin sauti ko saukarsa, siffar ɗigon kuma tana nuna tsawon lokacin da za a ja shi. A 1651 wani mai buga littattafai a Landan, John Playford, ya fitar da littafin raye-raye 105 da kiɗan kowacce. A 1705 aka buga tarin honfaif na Lankasha na Thomas Marsden. Amma dukiyar gaske tana cikin littattafan aljihu da makaɗa suka rubuta wa kansu da hannu. Wani saurayi a yankin Niyukasil, Henry Atkinson, ya fara nasa a 1694. William Vickers ya sa wa nasa shekarar 1770, kuma abin da ya tsira daga cikinsa ya kai kiɗa wajen 580. Joshua Jackson, mai injin niƙa a Yoksha, ya fara nasa a 1798. Marubucin waƙoƙi John Clare, ɗan leburan gona, ya tara sama da 250, wasu ya ji su a bakin makaɗan da suke yawo, wasu ya kwafo daga littattafai. Gidan su marubuci Thomas Hardy ma, uba da kaka, sun bar nasu.

Waɗannan mutane ba don tarihi suka yi rubutun ba. Makaɗi ne yake tsoron mantuwa, ya ji sabon kiɗa a kasuwa, ya dawo gida ya rubuta don ya same shi ranar biki. Sunayen da suke ba kaɗe-kaɗen ma ba za su zama baƙo ga Bahaushe ba. James Hill, wanda ya zauna a Gateshead ya rasu a 1853, ya sa wa wani honfaif nasa sunan sabuwar gadar da aka buɗe a kan kogin Tyne a 1849, wani kuma sunan Beeswing, goɗiyar sukuwa da ta addabi filayen tsere a zamaninsa. Ko a nan Narambaɗa ya yi wa doki waƙa.

Littattafan sun yi ta kwanciya a akwatuna da ɗakunan ajiya har aka waiwaye su. A 1985 John Offord ya tattara tsofaffin honfaif masu bugu uku ya buga, a daidai wannan lokaci kuma Matt Seattle ya fitar da kundin Vickers. Matasa suka ɗauki goge suka karanta ɗigon da aka rubuta shekara 200 da suka wuce, kiɗan da ya mutu ya dawo dandali.

Sai dai takarda ba ta riƙe komai da komai ba. Ta ajiye ƙashin kiɗan, ba ta ajiye hannun mai kaɗa shi ba. Har gobe makaɗan Ingila suna jayayya kan saurin da ya kamata a ba wani honfaif, da ko a tafi da shi sumul ko a riƙa ɗingisa bugun, domin babu mai rai a yau da ya taɓa jin yadda Vickers yake kaɗawa.

Malamai sun rubuta, amma hukunci

Ƙasar Hausa ba ta rasa alƙalami ba. A lokacin da Vickers yake cika littafinsa, malaman Kano da Katsina da Zazzau sun yi ƙarnoni suna rubutu da Larabci, ajami kuma yana bunƙasa. Kiɗa ma ya shiga rubutun. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci cewa a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki, ya kuma adana kirarin sarakuna da yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin ɗabi'un sarakunan da yake suka, ya ware abin da shari'a ta yarda da shi, kamar gangar tara mayaƙa. A wasu littattafansa na baya ya kawo saɓanin malamai a kan kayan kiɗa. Wani masani Bajamushe, Veit Erlmann, ya tattara irin waɗannan nassoshi na malaman jihadi ya buga su a littafi guda a 1986.

Duk wannan rubutu a kan kiɗa ne, ba rubutun kiɗa ba. Mai alƙalami alƙali ne a kan mai goge, ba abokin sana'arsa ba. A Ingila mutum ɗaya ne yake riƙe da goge da alƙalami, wani lokaci ma shi ne yake kiɗa a coci ranar Lahadi, ya yi na rawa a daren biki, duka a littafi ɗaya. A nan kuwa gida biyu ne da ba sa ga maciji. Almajirin da ya iya rubutu ba zai ɓata tawadarsa kan taken rawa ba, mai goge kuma bai ga abin da takarda za ta ƙara masa ba.

Ko waƙoƙin malaman kansu haka suke. An rubuta baitocin, an kiyaye ma'auninsu, amma karin muryar da ake rera su da shi a baki yake tafiya. Wanda ya sami Infiraji ta Aliyu Namangi a takarda bai taɓa jin an rera ta ba, ba zai iya fito da muryar daga haruffan ba. Sai ya ji daga wani.

Da Turawa masu bincike suka zo, su ma kalmomi suka fi kwasa. Rudolf Prietze ya buga matanin waƙoƙin Hausa a Jamus, A. J. N. Tremearne ya rubuta littafi kan bori a 1914 bayan ya zauna da Hausawan Tunis da Tarabulus, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo sunayen kayan kiɗa da bayaninsu. Sai a shekarun 1960 aka fara bin sautin kansa da gaske. David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗe a ƙasar Zazzau a 1963 da 1964, aka fitar da su a faifai biyu, shi da Anthony King, wanda ya yi aiki a Katsina, suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Fremont Besmer ya zauna da makaɗan bori a Kano, littafinsa ya fito a 1983. Jacqueline DjeDje ta shafe shekaru tana bin goge a Nijeriya da Ghana, ta fitar da littafi sukutum a kansa a 2008. A gida kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai da dama. Aiki ne babba, amma mafi yawansa ko dai yana cikin Turanci a ɗakunan karatu na waje, ko kuma ya tsaya kan abin da mawaƙi ya faɗa, ba abin da tsirkiya ta faɗa ba.

Take: yadda kunne ya zama ma'ajiya

Rashin takarda bai sa kiɗan ya zama kara zube ba. Makaɗan Hausa suna da tsarinsu na ajiya, kuma ginshiƙinsa shi ne take. Kowane take yana da mai shi. Sarki yana da nasa, ɗan dambe yana da nasa, manomin da ya yi fice a gayya yana da wanda gangar noma take kiransa da shi. Sana'o'i ma an raba musu kayan kiɗa: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera. Saboda haka makaɗi ba ya haddace sauti tsurarsa. Yana haddace mutane ne, kowane da amonsa. Da ya hango mai take ya shigo fili, hannunsa ya san inda zai nufa.

Abu na biyu shi ne harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko tana sauka, tana da tsawo ko gajarta. Goge yana bin wannan hawa da sauka sau da ƙafa. A ƙarƙashin mafi yawan take akwai jimla, kirari ko habaici ko kira, wadda makaɗin yake faɗa da tsirkiya maimakon baki. Wanda ya san jimlar yana jin ta ƙarara, har ya mayar da amsa. Aikin da ɗigo yake yi wa Bature a kan layuka biyar, shi kalma take yi wa mai goge: idan ya tuna maganar, ya tuna kiɗan.

Babu inda wannan tsari ya fi tsauri kamar wajen bori. A aƙidar masu yin sa, kowane iska yana da takensa, kuma ba ya sauka sai ya ji an kira shi daidai. Sarkin Rafi da nasa, Ɗan Galadima da nasa, haka Malam Alhaji, da Inna, da Kure, da Barahaza. Akwai kuma jerin da ake bi, gida bayan gida. Mai gogen da ya kuskure take ko ya tsallake wani ya ɓata taron, kuma 'yan bori da suke zaune sun san kuskure in sun ji. Ko mutum ya yarda da wannan al'ada ko ya ƙi ta, ta fuskar tarihin kiɗa ita ce ta tilasta a riƙe tsofaffin take ba tare da sauyi mai yawa ba, shi ya sa masu bincike suka fi komawa can idan suna neman tsohon hannu.

Koyo kuma a hankali yake tafiya. Yaro, ɗan gado ne ko haye ya yi, da ɗaukar kaya yake farawa, sai amshi, sai ƙwarya. Yana shekaru a bayan ubangidansa yana jin take ɗaya a wurare daban-daban, yana ganin wa aka yi wa, me aka bayar, yaushe aka sauya. Kafin a miƙa masa goge, kunnensa ya riga ya ƙoshi. Ƙarfin wannan hanya shi ne tana miƙa komai, har da lanƙwasar da takardar Turawa ta kasa riƙewa. Rauninta shi ne ba ta jure yankewa. Kundin Vickers ya yi shekaru ba a buɗe shi ba, amma abin da ya tsira daga cikinsa yana nan yadda aka rubuta shi. Take kuwa, idan tsara ɗaya ta wuce ba ta koya ba, ya tafi.

Daga faifai zuwa memori

Abin da ya zama mana madadin kundi shi ne na'urar ɗaukar murya. Bayan an buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, makaɗa suka riƙa zuwa ana ɗaukar su, kamfanonin faifai irin su EMI da Tabansi suka shiga harkar, sannan kaset ya zo ya kai kiɗa kowane ƙauye da yake da rediyo mai batir. A wannan zamani ne kukuma ta yi tashe a hannun Ibrahim Na Habu da Ali Ɗan Saraki, daga baya Garba Supa ya mamaye bukukuwan Kano, Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka yi nasu zamanin. A ɓangaren babban goge, sunan Garba Liyo na Funtuwa da na Audu Yaron Goge ba sa ɓoyuwa. Manomin Bagwai da bai taɓa ganin ɗayansu ido da ido ba ya san hannun kowanne daga gogawar farko.

Amma waɗanda aka ɗauka su ne waɗanda suka isa birni. Mai gogen ƙauye, wanda duk shahararsa ba ta wuce kasuwanni huɗu ko biyar ba, sai dai idan wani mai biki ya ajiye rikoda a gefen fili. Irinsa ne takwaran Atkinson da Jackson, kuma irin take-takensa ne suka fi saurin salwanta. Matsin da sana'ar ta shiga ya ƙara tsananta abin: wa'azi ya yi ƙarfi a kanta, wasu makaɗan sun ajiye da kansu, kuma bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 wuraren da aka saba jin goge sun ƙara ƙuntata.

Abin da aka ɗauka ɗin ma ba a tsare yake ba. Zaren kaset yana manne wa juna cikin zafi, ƙurar hunturu tana cinye shi, na'urorin da za su juya manyan faifan gidajen rediyo suna ƙarewa. Da yawa daga abin da ya tsira ya koma waya. A shagon cajin waya na kowace kasuwar ƙauye akwai mai tura waƙoƙi, a ba shi memori da 'yan kuɗi kaɗan ya cika shi. Idan aka buɗe jerin, sai a tarar da kiɗan goge na minti ashirin an rubuta masa "tsohon goge" kawai, ko wata lamba. Farkonsa, inda mai gabatarwa ya faɗi sunan makaɗi da garinsu, an yanke don a rage nauyi. Kiɗa ɗaya yakan fito a Facebook da sunan wani, a YouTube da sunan wani. Ingila ta gaji suna da shekara da ɗigo ba tare da sauti ba. Mu mun gaji sauti, suna da shekara suna zubewa a hanya.

Abin da wasu suka yi

Maƙwabtanmu Buzaye sun taɓa kaiwa wannan gaɓa. A farkon shekarun 2000 tsofaffin matan da suka iya imzad a kudancin Aljeriya sun ragu ƙwarai. Aka kafa ƙungiya a Tamanrasset a 2003, aka zaunar da tsofaffin suna koya wa 'yan mata, aka ɗauki take-takensu ɗaya bayan ɗaya. A 2013 hukumar UNESCO ta saka imzad cikin jerin al'adun duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. A Yamai kuma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, wadda take ajiye kayan kiɗan gargajiya tana koyar da su.

A Ingila, tun ƙarshen shekarun 1990 masu sa kai suke bin littattafan makaɗan ƙauye suna kwafe su zuwa kwamfuta da wata sauƙaƙƙiyar hanya mai amfani da haruffan boko na yau da kullum, suna zuba su a intanet kyauta. Ba gwamnati ce ta ɗauki nauyin mafi yawan aikin ba. Malaman makaranta ne, da 'yan fansho, da makaɗa masu sha'awa.

A wurinmu ba sai an jira koyon layuka biyar ba, domin wayar da take aljihun kowane saurayi ta fi alƙalamin Vickers iya riƙe sauti. Abin da ya rage shi ne ɗabi'ar rubuta bayani a gefen sautin. Wanda ya sami mai goge, ko tsohon da ya taɓa yi masa ƙwarya, ya ɗauki kiɗan tun daga shafa ƙaro har ƙarshe, sannan ya tambayi abu huɗu: sunan taken, wa aka yi wa shi, daga wa aka koya, da maganar da take ƙarƙashinsa. Ya rubuta gari da rana. Ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ya kai wani ga masu ajiya irin su Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko sashen harsunan Nijeriya na wata jami'a. Ɗaliban Hausa da suke neman abin rubuta kundin kammala karatu, waɗanda sau da yawa suke komawa kan mawaƙan da aka riga aka yi wa rubutu goma, suna da fili a buɗe a ƙauyukansu.

Tsofaffin kaset ɗin da suke cikin akwatuna da adudai a gidaje su ma suna buƙatar mai zama da su, kuma ba injiniya kaɗai ba. Samari da 'yan matan da suka taka rawar goge a dandalin Gadanya ko Kwajali a shekarun 1960 da 1970 yanzu sun zama dattawa. Su ne za a kunna wa kaset marar suna su saurara minti ɗaya su ce wannan hannun wane ne, a bikin wane aka yi shi, kuma ga abin da gogen yake faɗa.